Yadda Ake Ƙera Kayan Rainon Fatar Kombuca Da Saiwar Naman Kaza Daga Shara

Mai ƙera injin niƙa yana lissafin ƙarfe da juyawa ne kawai. Mai ƙera kayan raino kuwa gida yake gina wa abu mai rai, wanda ke numfashi, yana jin zafi da sanyi, yana da abokan gaba, kuma ba ya sauri don an matsu. Saboda haka kafin a sayi roba ko a yanka katako, sai an san mai gidan. Halittu biyu ne aka fi samun kayan amfani daga gare su cikin sauƙi: ƙwayoyin bakteriya da ke saƙa wata fata a saman ruwa mai zaƙi, da saiwar naman kaza da ke ɗinke busassun tarkacen tsirrai su zama dunƙule ɗaya. Gidan wannan ba ya yi wa wancan.

Mataki na 1: Zaɓi abin da za ka raina

Fatar da ke taruwa a saman tsimin shayin nan da ake kira kombuca, selulos ce zalla, wato sinadarin da ke cikin auduga, sai dai zarenta ya fi na auduga siranta nesa ba kusa ba. Bakteriyar da ta fi shahara wajen saƙa ta ita ce Komagataeibacter xylinus, wadda masanin Ingila Adrian Brown ya yi bayaninta tun 1886. A ƙasar Filifin an daɗe ana raino irin wannan fata a kan ruwan kwakwa, a Landan kuma mai zanen tufafi Suzanne Lee ta ɗinka riguna da ita. Idan abin da kake so shimfiɗaɗɗe ne kamar fata ko takarda, nan za ka nufa.

Idan kuwa abu mai jiki kake so, irin bulo marar nauyi, allon tare zafi, ko matashin da ake sa wa kaya masu fashewa a cikin kwali, saiwar naman kaza ce taka. Kamfanin Ecovative na Amurka, wanda Eben Bayer da Gavin McIntyre suka kafa a 2007, da ita ya yi suna. A 2014 ma an gina wata hasumiya ta wucin gadi a harabar gidan adana zane na MoMA PS1, a birnin New York, da bulo kusan 10,000 na irin wannan saiwa.

Shawarata ga mai farawa ita ce fatar kombuca. Tsamin ruwanta yana kore yawancin masu kutse, don haka tana yafe kuskure. Saiwar naman kaza ba ta da wannan garkuwa.

Mataki na 2: Tiren fata, inda faɗi ya fi zurfi daraja

Wannan bakteriya ba ta rayuwa sai da iskar oksijin, shi ya sa take saƙa a daidai inda ruwa ya haɗu da iska. Sabon zare a sama yake fitowa, tsohon yana nitsewa ƙasa. Abin da wannan ke nufi ga maƙeri shi ne siffar bakin mazubi ita ce siffar fatar, girman bakinsa kuma shi ne girman girbi. Zurfin ruwa ba ya ƙara komai sai asarar sukari.

Ga lissafi. Tire mai tsawon santimita 60 da faɗin 40, idan aka zuba ruwa mai zurfin santimita 3, ya ci lita 7.2, sararin samansa kuma murabba'in santimita 2,400. Zuba wannan ruwan a bokiti mai faɗin baki santimita 20, sararin bai wuce 314 ba. Ruwa ɗaya, sukari ɗaya, amma tiren ya ninka bokitin fiye da sau bakwai.

To amma kada a wuce gona da iri wajen rage ruwan. Fatar tana shanye shi tana kumbura, wani kuma yana bin iska. Zurfin santimita 3 zuwa 5 ya wadatar ga fata mai kaurin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bangon tiren ya ɗara ruwan da aƙalla santimita 5, don iska ta sami wurin zama, murfin kuma kada ya taɓa fatar.

Da me za a yi tiren? Ruwan yana da tsami kamar ruwan khal, kuma makonni zai yi a ciki. Gilashi ya yi, sai dai nauyi da fashewa. Robar abinci mai lamba 5 ko lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku ta fi sauƙin sha'ani. Ƙarfen da ba ya tsatsa, samfurin 304 ko 316, shi ne na masu aiki da yawa. Alminiyom, tagulla, baƙin ƙarfe da kwanon rufi, duk a nesanta su, tsamin zai ci su, fatar ta yi dabbare-dabbare. Katako ma a'a, sai dai a matsayin firam da aka shimfiɗa wa leda mai kauri a ciki. Wannan dabara tana da amfani idan kana son wata siffa ta musamman, misali gaban jaka ko hannun riga: ka haɗa firam ɗin a siffar, ka ƙara masa girma kaɗan saboda fatar na tsukewa idan ta bushe, ka huta da yanka da asarar gefuna.

Abubuwa uku ne nake ganin sun raba tiren da aka yi tunani a kansa da wanda aka ɗauko kawai daga kicin.

Na farko, kusurwoyi masu lanƙwasa da ciki mai santsi. Duk lungun da soso ba ya shiga, nan fumfuna za ta yi sansani ta jira zubi na gaba.

Na biyu, ƙaramin famfon roba a ƙasan bango, ko siririn tiyo da aka manna a kusurwa ya sauka har gindi. Ta nan za ka ɗebi ruwa ka auna tsami, ta nan za ka ƙara abinci a hankali, ba tare da ka taɓa saman ba. Muhimmancinsa shi ne a kwanakin farko fatar ba ta fi yanar gizo-gizo ƙwari ba. Da an girgiza tiren sai ta nitse, wata sabuwa ta fara a sama, a ƙarshe ka sami fata mai hawa-hawa da ke rabuwa kamar shafukan littafi.

Na uku, murfi. Ba a rufe tire ruf, domin an toshe numfashi ke nan. Ba a kuma barinsa a buɗe saboda ƙura da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, waɗanda ƙamshin tsami ke kirawo su daga nesa. Yadin auduga mai matsattsiyar saƙa, a ɗaure a kan firam kamar fatar ganga don kada ya lotsa, shi ne daidai. Gidan sauro da bandeji ramukansu sun yi faɗi. Idan akwai wani rufi mai tauri a sama, a karkata shi gefe guda. Na taɓa asarar fata ta mako biyu saboda rufin roba da na ɗora a miƙe: tururi ya taru a jikinsa yana ɗiga wuri ɗaya dare da rana, har ya huda rami a tsakiyarta.

Sannan a sa ma'aunin lebur na magina a daidaita wurin da tiren zai zauna. Tire ya ɗan karkata, gefe ɗaya zai ƙafe kafin fatar ta yi kauri.

Mataki na 3: Mayar da shara abinci

Bakteriyar na buƙatar sukari, da ɗan sinadarin naitirojin, da tsami. Ɓawon abarba, na tuffa, na mangwaro, 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce sayarwa, ruwan kwakwa, da baƙin ruwan rake mai kauri da ke raguwa a masana'antar sukari, duk suna yi. Ɓawon lemo a yi hattara da shi, man da ke cikinsa yana kashe ƙwayoyin. Abin da ya riga ya yi fumfuna ko ya taɓa maiƙo, a kai shi ramin taki.

Kayan wannan mataki ba su da yawa: tukunyar ƙarfe marar tsatsa, matata biyu, ɗaya mai faɗin ido ɗaya ta yadi, da bokiti mai murfi. A yayyanka ɓawon, a tafasa shi kamar minti 20 zuwa 30, a tace sau biyu. Tacewa ta biyu ba ado ba ce, duk ɗan tarkacen da ya yi iyo zai shige cikin fatar ya zama tabo.

Matsalar shara ita ce ta yau ba ta gobe ba ce. Saboda haka kayan awo biyu sun cancanci kuɗinsu: ƙaramin madubin auna zaƙi da ake ɗiga wa ruwa a leƙa, da takardar gwajin tsami. Ana neman sukari tsakanin giram 50 zuwa 100 a kowace lita. Idan ruwan ɓawon bai kai ba, a cike da sukari. Yawansa fiye da kima ba alheri ba ne, domin bakteriyar kan juya rarar ta zama asid, ruwan ya yi tsamin da zai rage mata kuzari. Naitirojin kuwa, dafaffen ganyen shayi, ko da wanda aka riga aka sha ne, yana bayarwa.

Sai ruwan ya huce ƙasa da digiri 30 na ma'aunin Salshiyas kafin a zuba iri, wato tsohon ruwan kombuca mai rai, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na jimillar ruwan. A tiren da muka lissafa, wajen lita ɗaya ke nan. Awon takardar gwajin tsami, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauka zuwa 4.5 ko ƙasa tun ranar farko, in bai sauka ba a ƙara ruwan khal kaɗan. Wata ƙaramar dabara: ɗebi irin daga saman tulun, ka bar gurɓin ƙasa. A gurɓin ne yis, wato ƙwayar da ke kumbura burodi, ya fi yawa, shi kuwa yis iska yake fitarwa, kumfar ta taru a ƙarƙashin fata ta yi mata ƙulu-ƙulu.

Mataki na 4: Akwatin ɗumi

Tsakanin digiri 25 zuwa 30 ne saƙa ke tafiya yadda ake so. Ƙasa da 20 sai ta yi nawa har fumfuna ta riga ta, can sama da 35 kuma bakteriyar ta galabaita. Abin da ya fi cutarwa shi ne hawa da sauka tsakanin rana da dare.

Tsohon firiji da ya mutu, kabad da aka liƙa wa farar kumfar roba, ko babbar kula, kowanne zai iya zama akwatin. A huda ƙofofin iska biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama ta ɗaya gefen, a rufe su da yadi. Iska mai ɗumi za ta fita ta sama ta jawo sabuwa ta ƙasa, ba sai an sa fanka ba. In ma an sa, kada ta hura kan tire kai tsaye.

Abin ɗumamawa, shimfiɗar lantarki irin ta rainon tsirrai ta isa, a haɗa ta da na'urar da ke kunnawa da kashewa bisa awon zafi. A jingina ta a bango ko a ajiye a ƙasan akwatin da tazara. Idan aka manna ta a gindin tire, ruwan zai riƙa juyawa daga ƙasa zuwa sama, yis ya samu sake. Bakin ma'aunin kuma ba iskar akwatin zai auna ba, a manna shi a jikin tiren ta waje a rufe da ɗan soso, ko a tsoma shi a kwalbar ruwa da ke gefe. Masu sha'awar lantarki kan haɗa ƙaramin allon kwamfuta irin Arduino ko ESP32 da ma'aunin zafi mai suna DS18B20 su riƙa adana awon kowace sa'a. Yana da kyau, amma ba shi ke saƙa fatar ba, kuma na ga waɗanda suka ɓata wata guda a kan waya alhali tirensu a karkace yake. Wanda zai yi, ya bar allon a wajen akwatin, domin tururin tsami yana cin jan ƙarfen da ke jikinsa, ya kuma tsaya a kan wuta mai ƙarfin bolt 12 a duk inda ruwa yake kusa.

Inda zafi ne ya yi yawa, aikin juyawa yake: ɗaki mafi sanyi, nesa da rufi, da jiƙaƙƙen buhu a jikin akwatin.

Idan tire ya fi ɗaya, a jera su a kanta kamar aljihun tebur, da tazarar santimita 10 ko fiye a tsakani. Ƙafafun kantar a tsoma su cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa.

Daga nan sai haƙuri. A kwana 3 zuwa 5 za a ga farar yana a saman ruwa. A mako 2 zuwa 3 kauri ya kai santimita ɗaya ko fiye. Zare-zare masu ruwan ƙasa da ke reto a ƙarƙashi yis ne, ba komai. Amma tabo busasshe mai gashi-gashi a sama, kore ko baƙi ko shuɗi, fumfuna ce, a zubar da zubin duka a wanke tiren da ruwan zafi. Ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya ƙin tsami banza: duba ko irin ya yi kaɗan, ko sanyi ya yi yawa, ko yadin ya ɓule.

Mataki na 5: Wanki da shanya

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a tanadi wurin shanya tun kafin girbi. Jiƙaƙƙiyar fata kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ce. Wadda ta fito daga tirenmu da kaurin santimita ɗaya za ta kai kilo biyu da rabi, amma selulos ɗin da ke ciki bai fi giram 25 ba. Wannan lissafi kan sanyaya gwiwar mai farawa, gara ya san shi tun yanzu, ya kuma san cewa santimita ɗaya a jiƙe ba ya kai milimita ɗaya a bushe.

A wanke ta da ruwa da sabulu, a tafasa don kashe ƙwayoyin da rage wari. Mai son fara tas sai ya dafa ta a ruwan kostik soda marar ƙarfi, kamar giram 10 a lita, a zafin digiri 80 na sa'a guda, sannan ya ɗauraye har takardar gwaji ta nuna 7, alamar kostik ɗin ya fita. Wannan aiki da safar hannu da tabarau ake yinsa, kostik ake zubawa cikin ruwa ba ruwa a kan kostik ba, kuma ba a tukunyar alminiyom ba ko kusa, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai kamawa da wuta.

Allon shanya shi ke ba fatar fuska. A kan katako marar fenti za ta ɗauki zanen katakon ta kuma bushe a miƙe, domin tana kama shi. A kan gilashi ko roba za ta fito da sheƙi. A kan wata siffa, misali ƙwarya ko ƙafar takalmi ta katako, za ta bushe a siffar, gefunan da aka ɗora kan juna kuma su manne ba tare da ɗinki ba. Inuwa mai iska ta fi rana tsaka. Busasshiyar fata zalla tana karyewa kamar takarda, sai an jiƙa ta a ruwan gilisarin kafin shanya take laushi. Babban aibinta shi ne son ruwa, shafa kakin zuma da mai yana ragewa amma ba ya kawarwa.

Mataki na 6: Idan saiwar naman kaza ka zaɓa

Nan abinci busasshe ne: garin katako, yankakken karan hatsi, ɓuntun shinkafa, kwali, da ɗan dusa don ƙarin ƙarfi. Nau'o'in naman kaza da aka fi amfani da su su ne Pleurotus ostreatus, mai saurin yaɗuwa, da Ganoderma lucidum, mai yin fata mai tauri. Danshin abincin ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari. Gwajinsa a hannu yake: ka damƙa da ƙarfi, ɗigo ɗaya ko biyu su fito, ba fiye ba.

Kayan farko da za ka ƙera shi ne na kashe abokan gaba. Durom mai raga a ciki da ruwa a ƙasa, wanda zai riƙe abincin a zafin digiri 65 zuwa 80 na sa'a ɗaya zuwa biyu, ya isa ga kara. Abincin da aka sa wa dusa da yawa sai tukunyar matsin tururi mai kai digiri 121. Na biyu shi ne akwatin haɗi: babbar robar ajiya mai gani-har-hanji, a kife, da ramuka biyu na hannu, a goge cikinta da alkohol mai ƙarfin kashi 70. A ciki ake gauraya iri, wato saiwa mai rai da aka riga aka raina, da abincin da ya huce, kamar kashi ɗaya na iri cikin goma.

Raino hawa biyu ne. Da farko a leda mai matatar iska har ta yi fari fat. Sannan a marmashe, a danna a mazubi. Marmashewar ba ɓarna ba ce, saiwar da aka tsinka tana sake ɗinkewa da ƙarfi fiye da na farko.

Mazubin nan ya kasance mai santsi, roba ta fi, domin saiwar za ta ci katako ta manne da shi. Bangonsa ya ɗan buɗe ta sama yadda abin zai zame ya fito, siffa mai wuya kuma a yi ta gida biyu masu rabuwa. Murfin a yi masa ƙananan huji a rufe da filastar asibiti ta takarda: iska kaɗan ake so, domin taruwar iskar kabon dayoksaid tana sa saiwa ta ci gaba da yaɗuwa maimakon ta fitar da naman kaza. Kauri kada ya wuce kamar santimita 10. Saiwar na fitar da zafin jikinta, tsakiyar abu mai kauri kuwa ba ta samun iska, sai a fasa a tarar da ita ɗanya tana wari. Babban abu a raina shi gunduwa-gunduwa, a jingina su da juna suna da rai, za su haɗe da kansu.

A duhu, a zafin digiri 24 zuwa 28, kwana 5 zuwa 7 sun isa. A fitar daga mazubi a ajiye a rufaffiyar roba mai danshi na kwana biyu ko uku, farar fata mai laushi ta rufe jikin duka. Koren tabo alamar fumfunar Trichoderma ce, a fitar da wannan gunduwar waje a rufe, kada a buɗe ta a ɗakin raino, kuma a sa takunkumi.

Ƙarshen aikin gashi ne, a akwatin zafi mai digiri 70 zuwa 80 da ƙofar fitar tururi, don saiwar ta mutu ta daina girma. Ka riƙa ɗora gunduwar a sikeli bayan kowane sa'o'i biyu, idan awo biyu a jere suka zo ɗaya ta bushe. Auna tsawonta da faɗinta ka gwada da na mazubin, bambancin da ka samu shi za ka ƙara a mazubi na gaba.